Amsa ga mai atamfar da ake tambayarta kuɗi a ɓace

'Yar'uwa na ga tambayarki, kin ce kina ɗora atamfa a WhatsApp, a ce miki "nawa?" ki faɗa, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu, har kin rage kuɗi amma ba abin da ya sauya.

Ni ma a Kantin Kwari nake saro kaya, kuma gaskiya rage kuɗi ba shi ne maganin ba. Yawancin masu saye ba su san ainihin kuɗin turmi ba, lambar da ta fara shiga kunnensu da ita suke auna sauran. Ki lura da masu shago a Kwari, ko ba ki tambaya ba sai yaron shago ya fara sauko miki da mai tsadar, kina jin dubu 40 sai ki ga ta dubu 18 ai araha ce, alhali da ita aka fara nuna miki wallahi cewa za ki yi an tsuga kuɗi. Wasu masana, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun gwada wannan tun 1974, suka juya wa mutane wani faifai mai lambobi da aka shirya ya tsaya a 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa ne ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya. Waɗanda suka ga 10 suka ce wajen kashi 25, masu 65 kuwa 45. Lambar da ba ruwanta da tambayar fa!

Sai kuma yawan hotuna, ki duba naki. In mutum ya ga kala hamsin a jere kansa ɗaurewa yake, ya ce bari sai anjima, anjimar da ba ta zuwa. A Amurka an taɓa jera jam, wato abin zaƙin nan da ake shafa wa burodi, kala 24 a wani kanti, wani lokacin kuma kala 6 kawai, a cikin waɗanda suka tsaya wajen 24 ɗin kashi 3 ne suka saya, wajen 6 kuwa kusan kashi 30. Ni biyar ko shida nake ɗorawa, mai tsadar a gaba.

Ragi kuma in ya yi yawa zargi yake jawowa, a ce ko roba ce ko kwantai. Gara gyara, ki bar kuɗinki yadda yake ki ce kai kaya cikin gari kyauta ne, mutanenmu suna son gyara fiye da ragin ɗari biyar ko da lissafin ɗaya ne. "Saura biyu" ma yana aiki sosai don ba mai son a riga shi, amma don Allah in da gaske ne kawai, in mace ta ga kalar nan a wajenki bayan wata guda kin rasa ta har da ƙawayenta.

In aka ce nawa kuma kar ki jefa lamba tsurarta. Ki tambaya ta biki ce ko ta zaman gida, ki turo guda uku da kuɗin kowacce a jiki, galibi ta tsakiyar ake ɗauka.