Inda ya kamata ka ajiye gyaranka a kan sabar

Ka tambaye ni, ɗana, abin da ya sa gyaran da ka yi wa nginx, manhajar da ke isar da shafukan yanar gizo, inda ka ƙara yawan fayilolin da zai iya buɗewa a lokaci guda, ya ɓace bayan sabuntawar daren jiya kamar ba a taɓa yin sa ba. Na duba sabar kafin in amsa maka, sai na tarar a cikin /usr/lib/systemd/system/nginx.service ka sa layinka na LimitNOFILE. Wannan fayil mallakar ƙunshin manhajar ne, don haka duk lokacin da sabon ƙunshi ya zo zai shimfiɗa nasa a kai ba tare da ya tambayi kowa ba. Gini ka yi a filin aro, mai fili kuwa ya dawo.

Abin da ke ƙarƙashin /etc, inda fayilolin saiti suke zama, yana da wata kariya, amma ba irin wadda kake zato ba. A Debian da Ubuntu, dpkg, mai girka ƙunshin manhajoji, yana riƙe da lissafin MD5 (lambar da ke nuna ko an taɓa fayil) na kowane fayil ɗin saiti kamar yadda ya zo tun farko. Idan ba ka taɓa shi ba, sai ya musanya shi shiru. Idan kai ka canza, masu ƙunshin kuma sun canza nasu, sai ya tsaya ya tambaye ka. Ka zaɓi naka, ya ajiye sabon a gefe da ƙarshen suna .dpkg-dist; ka zaɓi nasu, naka ya koma .dpkg-old. A Red Hat da danginsa ba a tambaya ko kaɗan, sai dai ka iske .rpmnew ko .rpmsave, gwargwadon yadda mai haɗa ƙunshin ya yi wa fayil ɗin alama. Ni kaina na taɓa danna Y (wato a ɗauki nasu) cikin gyangyaɗi a kan sshd_config, fayil ɗin saitin SSH da ake shiga sabar da shi daga nesa, sabar ta koma sauraro a tasha ta 22, wato ta asali, alhali katangar tsaro ta toshe ta, na kulle kaina a waje.

Kada kuma ka ce za ka riƙa riƙe naka kullum, domin wani lokaci gyaran tsaron yana cikin sabon fayil ɗin ne, kuma .rpmnew da aka bari shekara biyu ba a buɗe ba bashi ne da ke jiran ranar biya. Ka riƙa gwada su biyun da diff, umarnin da ke nuna bambancin fayiloli biyu.

Akwai kuma fayilolin da ake haifar su daga wasu, irin su grub.cfg mai tsara tashin kwamfuta, wanda update-grub yake sake rubutawa daga /etc/default/grub duk lokacin da aka sa sabon kanel, wato zuciyar tsarin Linux. Gargaɗin yana rubuce a kansa, mutane ne ba sa karantawa.

Yanzu ka koma ka buga systemctl edit nginx, zai buɗe maka override.conf a ƙarƙashin /etc/systemd/system, inda babu ƙunshin da zai taɓa, ka sa layin nan a sashen Service. Na SSH kuma ka sa shi cikin /etc/ssh/sshd_config.d, wanda ya samu tun da OpenSSH 8.2 ya kawo Include a 2020, amma ka tuna sshd, manhajar SSH ta sabar, ƙimar da ya fara karantawa yake ɗauka, kuma ka gwada da sshd -t kafin ka sake tayar da shi, kana riƙe da tsohuwar tagarka ta SSH a buɗe. Idan ka gama, ka girka etckeeper domin git ya riƙa adana tarihin /etc, sannan ka kira ni mu duba tare.