Tambaya da Amsa: Zan je Gana, ina zan ga teku da masunta?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa. Bayan sallah zan je Akra saro kaya a karo na farko, kuma maigidana ya ce kayan ba za su haɗu ba sai bayan kwana biyu ko uku. Ban taɓa ganin teku ba, iyakata tabkin Tabalak da kogin Isa idan na zo Yamai. Ina zan je in ga rayuwar masunta da wani abin tarihi, ba tare da na taɓa jarina ba?
Mai karatu daga Tawa

Amsa: Ɗana, Allah ya kai ka lafiya ya maido ka lafiya. Ka tafi Elmina. Sau biyu na je garin nan, kuma har yau idan na ji warin kifi banda a kasuwar Yamai sai zuciyata ta koma can.

Daga tashar Kaneshie a Akra za ka shiga motar Cape Coast, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka, ka bi yamma. Daga nan Elmina ba nisa, ƙaramar mota ce kawai. Ka canza sefa zuwa sidi tun a Akra, kuma kada katin rigakafin shawara ya bar aljihunka. Da ka sauka ka tambayi zango. A can za ka ji Hausa, ka sami masallaci, ka sami wanda zai nuna maka masauki daidai ƙarfinka.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka sa zuwanka ya faɗo Talata. Masuntan wannan gaɓa ba sa shiga teku ran Talata, al'ada ce ta kaka da kakanni. Sai fa idan tafiyarka ta dace da Talatar farko ta watan Yuli, ranar bikin Bakatue, lokacin da sarkin gari yake buɗe ruwan Benya, tabkin garin da ke haɗe da teku, bayan makonnin da aka hana kamun kifi a cikinsa. Wannan kam ka tsaya ka sha kallo.

Kana idar da sallar asuba ka nufi gadar da ta ratsa Benya, inda ruwan yake haɗuwa da teku. Daga kan gadar za ka ga jiragen katako jere kamar raƙuma a mashaya, kowanne da fenti da tutoci da sunan da mai shi ya raɗa masa. Da itacen wawa ake sassaƙa cikinsu, gungume guda, sannan a ƙara katako a ɗaura inji a gefe. Jirgi yana shigowa mata za su taso da manyan daro a ka, ciniki ya kaure tun kifi bai taɓa ƙasa ba. Na daɗe tsaye kusa da wani dattijo mai ɗinkin koma. Ya maƙale bakin komar da babban yatsan ƙafarsa, hannunsa yana tafiya, idonsa yana kan teku yana jiran jirgin 'ya'yansa. Ba mu jin yaren juna, amma da na yi masa sannu da aiki ya matsa mini wuri a kan benci. Ka yi sallama kafin ka ɗaga waya, mutanen nan aiki suke yi, ba kowa ke son hoto ba.

Daga nan sai farin ginin da ke tsaye a bakin ruwa. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 don cinikin zinari, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637 bayan sun hau da igwa kan tudun da ke fuskantarsa, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. A ciki Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin su fitar da shi daga ƙasar. Ana biyan kuɗin shiga, mai jagora ya zagaya da ku.

Ɗana, ka shirya zuciyarka. A ƙasan ginin akwai ɗakunan da aka riƙa tara bayi, maza daban mata daban, kafin a fitar da su ta wata 'yar ƙofa da mutum ba ya wuce ta sai ya karkace. Mai jagoranmu ya rufe mu cikin wani ɗaki na ɗan lokaci. Duhu, zafi, ga rugugin teku ta bayan bango. A sama kuma ga barandar gwamna, iska tana kaɗawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a gaɓar nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwar Salaga. Salaga kuwa ita ce ta ƙasar Gwanja, wadda fatakenmu suka yi ta zuwa saro goro. Hanyar da ta kawo mana goro ita ce ta tafi da mutane. Don haka ban ɗauki wurin nan a matsayin tarihin wasu ba, na fito na nemi gefe na yi musu addu'a, kai ma ka yi.

Idan da sauran ƙarfi ka hau tudun St. Jago, wato wancan da mutanen Holan suka hau da igwa, ka hango garin duka da filayen gishiri a bayansa. Cikin gari kuma akwai gine-ginen Posuban, wuraren tsafi na ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya da ake kira Asafo, masu mutum-mutumi iri-iri.

Teku ba Tabalak ba ce. Igiyarta tana janye rairayi daga ƙarƙashin ƙafa, ta ja mutum ciki. Ka tsaya iya ƙauri, kuma inda ka ga 'yan gari suna tsayawa.

Da rana ka ci dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da yajin shito. Tsarabar Inna kuwa, ka bi hayaƙi zuwa wurin matan da ke banda, ka zaɓi wanda ya bushe ƙayau, a naɗe maka a takarda. Shi ne zai jure zafin hanya har Tawa.