Dogon sandan sifirin a bindigar 1911: ya cancanci kuɗinsa?

Tambaya: Malam, ina harbin gasa da ƙaramar bindiga samfurin 1911. Abokaina sun ce in cire gajeren sandan da sifirin (mai mayar da saman bindiga gaba bayan harbi) yake zaune a kai, in sa mai tsawon da ya kai bakin bindiga. Shin zai ƙara mini saiti?

Amsa: Ɗan'uwa, ba zai ƙara ba. Saiti yana ga yadda bututu ya zauna daram a mazauninsa, da kunama, da hannun mai harbi. John Browning da gajeren sanda ya ƙera bindigar nan, haka sojojin Amurka suka karɓe ta a 1911, suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da ita.

Masu sayarwa suna cewa dogon sanda yana hana sifirin lanƙwashewa. To amma buɗe taka ka duba: sifirin ɗin yana kwance cikin matsattsen rami, ina zai samu wurin karkacewa?

Amfaninsa na gaskiya nauyi ne. Idan na tungsten ne, wani ƙarfe mai nauyi sosai, yana danne gaban bindiga, bakinta ya rage ɗagawa bayan harbi, ka komo kan saiti da wuri. Ga ɗan gasa irinka wannan abin dubawa ne, muddin dokar rukuninku ta yarda da ƙarin nauyin.

Wahalarsa kuma kwancewa. Wani sai da sifana, wani sai ka soka ɗan waya a ramin sandan, sanda mai gaɓa biyu da ake haɗawa kuma yakan sassauta da kansa. Ni dai na fi son bindigar da zan kwance da hannuna in goge. Idan taka tana aiki lafiya, maimakon dogon sanda sayi sabon sifirin da harsashin atisaye.