Tambaya da Amsa: Yaya Zan Taƙaita Sabon Akawu a Kan Tebur Ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni nake kula da kwamfutar shagon yayana a Kantin Kwari, inda muke sayar da atamfa da shadda a kan sari. Rumbun bayananmu na MySQL ne (manhajar adana bayanai a cikin tebura), yana ɗauke da teburin kaya, da na masu bashi, da na albashin yaran shago. Mun ɗauki sabon akawu wanda nake so ya riƙa duba teburin kaya kaɗai. Na ba shi izini a kan rumbun gaba ɗaya, na zo janye masa sauran teburan, sai manhajar ta ƙi. Malam, ina mafita?
Mai karatu daga Fagge, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Manhajar lafiyarta ƙalau, haka aka tsara ta. A MySQL izini hawa-hawa ne: akwai na saba (server, wato manhajar da ke riƙe da dukkan rumbuna) gaba ɗaya, da na rumbu, da na tebur, har da na ginshiƙi guda a cikin tebur, kuma umarnin REVOKE ba ya janye izini sai a matakin da aka bayar da shi. Wanda aka miƙa wa makullin gida, ba a hana shi shiga ɗaki da faɗar baki. Don haka sai ka fara karɓe komai, sannan ka ba shi abin da aikinsa yake buƙata:

REVOKE ALL PRIVILEGES, GRANT OPTION FROM 'akawu'@'localhost';
GRANT SELECT ON shago.kaya TO 'akawu'@'localhost';

A nan shago sunan rumbunku ne, kaya sunan teburin, 'akawu'@'localhost' kuma asusun akawun. Ka lura da abin da ya biyo bayan ɗigon da ke cikin shago.kaya. Da ka rubuta shago.* ka buɗe masa dukkan teburan, har da waɗanda za a ƙirƙira nan gaba, amma shago.kaya tebur ɗaya ne tak. SELECT karatu ne kawai. Idan shi zai riƙa shigar da sabon kaya yana gyara adadi, sai ka ƙara INSERT da UPDATE, amma ban ga dalilin ba sabon ma'aikaci DELETE, wato ikon gogewa, ba.

Idan kuwa a teburin akwai farashin da kuke saro kaya, wanda ɗan kasuwa ba ya son kowa ya gani, to maimakon umarni na biyu ka lissafa ginshiƙan da ka yarda ya gani: GRANT SELECT (suna, adadi, farashin_sayarwa) ON shago.kaya TO 'akawu'@'localhost'. Idan sabon asusu za ka buɗe masa, ka fara da CREATE USER, domin tun daga MySQL 8.0 da ta fito a 2018, GRANT ta daina ƙirƙirar asusu da kanta.

Bayan haka ka rubuta SHOW GRANTS FOR 'akawu'@'localhost'. Layin USAGE da za ka gani kada ya tayar maka da hankali, ba ya ba da ikon taɓa komai. Sannan ka shiga da asusunsa ka nemi teburin bashi; idan ta mayar maka da kuskure mai lamba 1142, to ƙofar ta rufu.

Duk wannan aikin banza ne idan manhajar shagonku da asusun root, wato babban asusu mai iko a kan komai, take shiga rumbun, ko kuma kowa a shagon ya san kalmar sirrinsa, abin da ya zama ruwan dare a ƙananan shaguna. Teburin bashi yana ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora muku alhakin tsarewa, saboda haka ka sauya kalmar sirrin root, ta tsaya tsakaninka da yayanka.