Tambaya da Amsa: Wace ƙaramar bindiga zan riƙa ɗauka a ƙugu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas, ina aikin dare a wani gidan mai, kuma sau da yawa ni kaɗai nake rufe shago. Ina son sayen ƙaramar bindiga da zan riƙa ɓoyewa a jikina kullum. Abokina ya ce in nemi mafi ƙanƙanta, tunda ita ce ba za a gani ba. Mene ne shawararka?
Wani mai karatu, Houston

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare ka.

Fara duba takardunka. Idan da bizar wucin gadi kake zaune, irin ta karatu, dokar tarayya ta hana ka mallakar bindiga sai a wasu keɓantattun halaye. Mai katin zama na dindindin yana iya saya. Tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta yarda wanda ya kai shekara 21 ya ɗauki ƙaramar bindiga ba lasisi, amma ni dai ina ganin ka nemi lasisin. Wasu jihohin suna karɓarsa, kuma dokar tarayya ta 1990 ta hana marar lasisi ratsawa da bindiga a jiki cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta. Ka kuma tambayi maigidanka, don yana da ikon hana ma'aikaci shiga da ita wurin aiki.

Maganar abokinka kuwa, ban yarda da ita ba. Duk bindigar da ta cika rashin nauyi, hannunka ne zai sha bugun harbin. Ɗauki misalin 'yar ƙaramar bindigar da ake kira Ruger LCP: ba ta kai giram 300 ba, tana ɓacewa a aljihu, amma riƙe ta ka gani: ƙaramin yatsanka yana lilo a ƙasan mariƙi, bakinta yana tsalle sama da kowane harbi, kafin ka dawo da saiti an daɗe. Wanda ta gurje wa tafin hannu ba ya marmarin komawa filin koyon harbi, kuma rashin atisaye shi ne abin da nake ji maka tsoro.

Glock 19 tana cin harsashi 15 na milimita 9, nauyinta wajen giram 670 ba harsashi, tana zama daram a hannu. Sai dai a zafin Houston, da 'yar shimi a jikinka, za ta nuna. SIG Sauer P365, wadda ta fito a 2018, tana tsakiya: harsashi 10, wajen giram 500, faɗinta kusan inci ɗaya. Glock 43X da Smith & Wesson Shield Plus duk ajinta ne, kuma nan nake so ka duba. Lura cewa mariƙi ne yake turo riga idan ka sunkuya, bututun yana kwance cikin wando.

Kada ka saya don an yaba maka. Filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Gwada uku ko huɗu, ka ɗauki wadda yatsunka suka zagaye, wadda kake samun abin da ka auna da ita, sannan ka shiga aji wurin ƙwararren malami.

Kube ma ba abin tsimi ba ne. Nemi na roba mai tauri wanda aka ƙera don wannan bindigar, ya rufe kunama ruf, da bel mai ƙarfi. Glock ba ta da makullin hana tashi da ake turawa da babban yatsa, saboda haka idan bakin riga ya shiga wurin kunama lokacin mayarwa, tana iya tashi. Mayar da ita a hankali, idonka a kai.

Idan ɗan fashi kuɗin shago yake so, miƙa masa, don Allah. A gida kuma ta kwana cikin akwatin ƙarfe mai makulli, musamman in akwai yara ko wanda ke fama da damuwa, domin fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka su ne suka harbi kansu. Ka sayi akwatin rana ɗaya da bindigar.