Ta Yaya Kamfanin da Ya Mallaki Ƙungiyoyin Ƙwallo Bakwai Ya Rasa Kuɗin Biyan Albashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai goyon bayan Everton ne tun zamanin da Joseph Yobo da Yakubu Aiyegbeni suke taka leda a can. Da aka ce wani kamfanin Amurka mai suna 777 Partners zai sayi ƙungiyar, mun yi murna a gidan kallonmu, don an ce yana da ƙungiyoyi har bakwai. Sai ga shi ciniki ya watse, kamfanin ma aka ce ya durƙushe. Ta yaya mai ƙungiya bakwai zai rasa kuɗi? Ƙwallon ce ta cinye shi? Kuma idan irin wannan kamfani ya faɗi, me ke samun ƙungiyoyin da ke hannunsa? (Wani mai karatu daga Jos)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ƙwallo ce ta kashe 777 Partners ba, ko da yake ta taimaka wajen tona masa asiri. Abin da ya kashe shi shi ne, kuɗin da yake sayen ƙungiyoyin da su ba nasa ba ne. Bashi ne, kuma irin bashin da mai shi ke iya ƙwanƙwasa ƙofa a kowane lokaci, alhali an zuba shi a harkar da sai an shekara biyar ko goma kafin a ga ko kwabo.

Josh Wander da Steven Pasko ne suka kafa kamfanin a birnin Miami a 2015, kuma asalin sana'arsu ba ta da alaƙa da wasa. A Amurka, idan kotu ta yanke wa mutum diyya saboda haɗari ko rauni, sau da yawa ba a ba shi kuɗin a dunƙule, sai a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru. Wanda ya matsu yana iya sayar da wannan haƙƙin: a ba shi kuɗi hannu a farashi mai rahusa, mai saye kuma ya ci gaba da karɓar biyan har ƙarshe. Wannan ita ce kasuwar da suka fito daga cikinta. Ka riƙe wannan, domin waɗannan takardun biyan diyya su ne suke jinginarwa su karɓi rance, kuma a kansu ne rigimar ta ɓarke daga baya.

Sun fara sa ƙafa a ƙwallo a 2018 da ɗan ƙaramin kaso a Sevilla ta Sifaniya. Daga 2021 abin ya zama kamar ruwan sama. A watan Satumba na wannan shekarar suka sayi Genoa, ƙungiyar da aka kafa tun 1893, daga hannun Enrico Preziosi. A 2022 suka ɗauki Standard Liège ta Beljiyam, da Red Star ta birnin Paris, da kashi 70 cikin ɗari na harkar ƙwallon Vasco da Gama ta Burazil bisa alƙawarin zuba real miliyan 700 na kuɗin ƙasar, sannan suka shiga Melbourne Victory ta Ostireliya. A watan Maris na 2023 suka karɓi kashi 64.7 na Hertha Berlin. A gefe guda kuma suna da London Lions ta ƙwallon kwando, da kashi 45 na gasar ƙwallon kwandon Birtaniya baki ɗayanta, ga kuma hannu a kamfanonin jiragen sama biyu, Flair a Kanada da Bonza a Ostireliya.

Dubi waɗannan sunaye da kyau. Kusan dukkansu tsofaffin ƙungiyoyi ne masu tarihi da ɗimbin magoya baya, amma bashi ya yi musu katutu. Vasco tana rukuni na biyu lokacin da aka yi cinikin. Genoa ta faɗa rukuni na biyu a 2022, Hertha kuma ta faɗa wata biyu bayan sayenta. Lissafin 777 shi ne a sayi majinyaci da araha, a haɗa ƙungiyoyin su riƙa musayar 'yan wasa da masu farautar matasa, darajarsu ta tashi, wata rana a sayar ko a kai su kasuwar hannun jari. A takarda lissafin ba laifi. Matsalar ita ce ƙungiya mai jinya ba ta kawo riba, ci take yi. Duk ƙarshen wata akwai albashi, akwai haraji, akwai kason kuɗin ɗan wasan da aka saya bara. Mai ƙungiya bakwai irin waɗannan, baki bakwai ne yake ciyarwa. Yawan ƙungiyoyin da kuka yi murna da shi a gidan kallo, shi ne nauyin da ya karya shi.

To daga ina abincin yake fitowa? A nan ne na fi so ka tsaya. Babbar rijiyar ita ce kuɗin inshora. A lokacin 777 yana da kamfanin inshora a tsibirin Bermuda mai suna 777 Re, wanda ke karɓar nauyin kuɗaɗe daga wasu kamfanonin inshorar rai na Amurka, musamman waɗanda ke ƙarƙashin kamfanin A-CAP na Kenneth King. Kuɗin nan na mutane ne da suka tara don tsufansu, ana sa ran a juya su a wuri mai aminci. Sai aka riƙa ba da wani kaso mai yawa daga ciki rance ga kasuwancin 777 ɗin kansa. A-CAP ma kai tsaye ya ba su rance, wanda takardun ƙarar da aka shigar daga baya suka ce ya haura dala biliyan 2. Wato ajiyar ɗan fansho a Amurka ce take biyan albashin ɗan wasa a Italiya da man jirgi a Ostireliya, shi kuwa bai sani ba. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a cikin labarin duka, ya ma fi batun ƙwallon.

Irin wannan tsari yana tafiya ne muddin rance na da arha. Daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023, babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5. Duk wanda ke rayuwa da sabon bashi don biyan tsoho ya ji a jikinsa. Alamu suka fara fitowa: a Maris 2023 masu ba da hayar jirage suka ƙwace jiragen Flair huɗu saboda jinkirin biya, FIFA ta sa wa Vasco takunkumin rajistar 'yan wasa a wannan shekarar, hukumar Beljiyam ma ta yi wa Standard haka. Wata mujallar ƙwallo ta ƙasar Norway mai suna Josimar ta daɗe tana bankaɗo waɗannan abubuwa tun ana musanta mata. Sai hukumar AM Best, mai auna ƙarfin kamfanonin inshora, ta rage darajar 777 Re a ƙarshen 2023, ta sake ragewa a farkon 2024. Hukumomin inshora na jihohin Utah da South Carolina suka matsa wa kamfanonin A-CAP su rage kuɗin da suka zuba a 777. Rijiya ta fara ƙafewa ke nan.

A tsakiyar wannan hali ne suka nemi Everton. A Satumba 2023 mai ƙungiyar na lokacin, Farhad Moshiri, ya amince ya sayar musu da kashi 94.1 da yake riƙe da shi. Ƙungiyar tana cikin matsi: ana gina sabon filin wasa a Bramley-Moore Dock, asara ta taru, har aka zabtare mata maki 10 a Nuwamba, aka mayar da shi 6 bayan ɗaukaka ƙara, aka ƙara zabtare 2 a Afrilu. Kafin ma a amince da cinikin, 777 ya fara ba Everton rance don ta biya albashi da 'yan kwangila, har ya kai kimanin fam miliyan 200. Hukumar Firimiya, wadda kan tantance mai saye cikin 'yan makonni, ta shafe watanni tana neman abu ɗaya, a nuna mata kuɗin da inda suka fito. Daga ƙarshe ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da biyan bashin fam miliyan 158 da kamfanin MSP Sports Capital ke bin ƙungiyar, da mayar da rancen 777 ya zama hannun jari, da nuna kuɗin kammala filin wasa. Ba su iya ba. Wa'adin cinikin ya ƙare ranar 31 ga Mayu 2024. Na san a lokacin magoya baya da yawa suna zagin hukumar saboda jan ƙafa, amma wannan jan ƙafar ne ya ceci ƙungiyarku.

Kafin wa'adin ya cika komai ya riga ya rikice. Ranar 30 ga Afrilu jiragen Bonza suka daina tashi, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. Kwanaki kaɗan bayan haka, wani kamfanin ba da rance na Landan mai suna Leadenhall Capital Partners ya maka 777 da A-CAP a kotun tarayya da ke New York kan bashin da ya haura dala miliyan 600. Zargin shi ne, kadarori na kimanin dala miliyan 350 da aka jinginar masa, wasu babu su sam, wasu ba na 777 ba ne, wasu kuma an riga an jinginar da su ga wani mai rancen. Kamar mutum ya jinginar maka da gonarsa ya karɓi kuɗi, ya zagaya ya jinginar wa wani da gonar nan dai, kowannenku yana barci da tunanin yana da abin kamawa. Ranar da kuka haɗu a bakin gona, babu wanda zai sake ba shi ko sisi. Haka ta faru. A cikin watan Mayu Wander da Pasko suka sauka daga jagoranci, aka kira masu gyaran kamfanonin da suka durƙushe daga kamfanin B. Riley, ƙungiyoyin kuma suka koma ƙarƙashin ikon A-CAP, mai bin bashi mafi girma, wanda burinsa kawai ya sayar ya fanshe abin da zai iya.

Sai tambayarka ta biyu. A shari'a kowace ƙungiya kamfani ce mai zaman kanta, don haka faɗuwar mai ita ba ta nufin ta mutu nan take. Abin da ke canja hannu shi ne hannun jarin. Amma ƙungiyar da ta saba jiran mai gida ya cike giɓin kowane wata, ranar da ya kasa, ita ma ta shiga uku. Yadda kowacce ta sha ya danganta da dokar ƙasarta da ƙarfin magoya bayanta.

Hertha ta ji jiki, domin yuro miliyan 100 da aka yi mata alƙawari bai iso duka ba, amma dokar Jamus ta 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya, don haka 777 bai taɓa zama mai wuƙa da nama a can ba. A Burazil, uwar ƙungiyar Vasco, ƙarƙashin shugabanta Pedrinho wanda tsohon ɗan wasanta ne, ta garzaya kotu, kuma a Mayu 2024 alƙali a Rio de Janeiro ya dakatar da ikon 777 ya mayar mata da ragama. Duk da haka, a farkon 2025 sai da Vasco ta nemi kariyar kotu don ta sake tsara basussukanta. Genoa, wadda a fili ita ta fi amfana, domin ta dawo Seriya A a 2023 ta kuma zauna da gindinta, ta koma hannun attajirin Romaniya Dan Șucu a Disamba 2024. A Liège abin ya fi zafi: albashi ya makara, tsohon mai ƙungiyar Bruno Venanzi ya je kotu kan kuɗinsa da ba a gama biya ba, magoya baya kuma suka tare motar 'yan wasa har aka fasa wasansu da Westerlo.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne wanda ba shi da ƙarfin ihu, wato ƙwallon kwandon Birtaniya. Matan London Lions sun ci kofin Turai na EuroCup a Afrilu 2024, cikin 'yan watanni kuɗin da ke riƙe da su ya yanke. A watan Yuni aka soke lasisin kamfanin da ke gudanar da gasar ƙasar baki ɗaya, sai ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa sabuwar gasa da kansu.

Everton ma ba ta fita salin-alin ba. Wancan rancen na fam miliyan 200 ya zame mata ƙarfen ƙafa, domin ya shiga cikin dukiyar da Leadenhall da A-CAP ke jayayya a kanta. Saboda shi ne Friedkin Group, masu Roma, suka janye daga ciniki a Yuli 2024. Sai da aka samu hanyar warware shi suka dawo, aka kammala saye a Disamba, ƙungiyar kuma ta koma sabon filinta a Agusta 2025.

A ganina laifin bai tsaya kan 777 kaɗai ba. Hukumomin ƙwallo na ƙasashe da dama sun buɗe musu ƙofa, kowacce tana duba ƙungiyar da ke gabanta kawai, babu wadda ta haɗa lissafin gaba ɗaya ta ga cewa aljihu ɗaya ne ake zarar kuɗi daga cikinsa ana toshe rami a nan da can. Masu sayarwa kuma, da Moshiri a cikinsu, sun ƙagu su sauke kaya, ba su damu da wanda zai ɗauka ba. Tsarin mallakar ƙungiyoyi da yawa shi kansa ba shi ne cutar ba, ga City Football Group da Red Bull suna yi shekara da shekaru, amma su da kuɗinsu suke yi. Don haka in an sake cewa wani kamfani zai sayi ƙungiyarku, kada ka tsaya kan yawan abin da ya mallaka. Nemi sanin ko kuɗin da zai zuba hannun jari ne ko rance, wa ya ba shi su, kuma ko ƙungiyoyin da ke hannunsa suna biyan albashi a kan lokaci.

Maganar ba ta ƙare a kotun bashi ba. A Oktoba 2025 masu gabatar da ƙara na tarayya a New York sun tuhumi Josh Wander da damfarar masu ba da rance da masu zuba jari kimanin dala miliyan 500, tsohon babban jami'in kuɗin kamfanin, Damien Alfalla, kuma ya amsa laifi. Tuhumar da ke kan Wander zargi ne wanda kotu ce ke da hurumin tabbatarwa, kuma ginshiƙinta shi ne waccan jinginar kadarar da ko dai babu ita, ko kuma an riga an ba wani.