Amsa ga Kawu kan kunnen da ya toshe

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu ina wuni, ya sanyin Jos? Na saurari saƙonku. Kun ce tun wankan shekaranjiya kunnen dama ya toshe, magana sai can nesa-nesa kuke jin ta, da kuka sa tsinken ashana kuma abin ya ƙaru. To Kawu, don girman Allah a ajiye tsinken nan. Da shi, da gashin kaza, da murfin biro, da wancan mai auduga a kai, duk ɓarnarsu ɗaya.

Ramin kunnen babban mutum kusan santimita 2 da rabi ne kawai, daga nan sai dodon kunne, 'yar fata siririya. Dauɗar nan da muke ƙyama tana da aikinta, ita ke tare ƙurar hunturu da ƙananan ƙwari, kuma da kanta take gangarowa waje yayin da mutum ke tauna ko magana. In aka sa tsinke, cusa ta ake yi ciki a danƙare. Ruwan wanka na shiga sai ta kumbura ta rufe hanya. Ina kyautata zaton abin da ya same ku ke nan, kuma irin wannan jin yana dawowa in sha Allah.

In babu ciwo, babu ruwa ko mugunya, kuma dodon bai taɓa fashewa ba, ku kwanta a gefen hagu a ɗiga muku man zaitun mai tsabta, ɗigo 2 ko 3, sau 3 a rana, kwana 3 zuwa 5. Kada a ɗora shi a wuta, ɗumin hannu ya isa. Ku ɗan jima a kwance. Abin da ya fito a goge da kyalle daga waje kawai.

Na ji Anti ta ce nata kan toshe in suna gangara Hawan Kibo za su Abuja. Wannan ba dauɗa ba ce Anti, Jos na kan tudu kusan mita 1,200, canjin iska ne. Hamma ko haɗiye yawu ko cingam na buɗe shi. Mura ma na kawo irinsa.

Amma a saurara da kyau a nan. In jin ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko da jiri, ko ƙara mai "zuuu", ko zazzaɓi da mugunya, ba a jira, ba a ɗiga komai, har maganin ɗigon kemis. A ranar a tafi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, domin akwai wanda in ya daɗe ba ya dawowa. Masu ciwon suga ma su fara da asibiti.

Kawu, in an cika kwana 5 bai buɗe ba, ku kira ni in zo mu je a leƙa da fitila a cire muku. Allah ya ƙara lafiya.